Tawakkali a lokacin tsanani: me aka bar wa Allah, me aka bar wa bawa?

A ƙarshen Fabrairun 2020 hukumomin Saudiyya suka dakatar da shigar masu Umara daga ƙasashen waje saboda annobar korona. Kafin Maris ya ƙare an rufe masallatai a ƙasashe da dama. Aikin Hajji, wanda a 2019 ya tara kusan mutum miliyan 2.5, a waccan shekara an taƙaita shi ga wasu 'yan tsiraru mazauna ƙasar. Musulmi suka rabu gida biyu, kuma abin mamaki, da kalma ɗaya kowane ɓangare ke kafa hujja. Masu adawa da rufewar suka ce wanda ya dogara ga Allah ba ya ƙaurace wa masallaci don tsoron cuta. Masu goyon baya suka ce ɗaukar matakin kariya shi ne dogaron.

Annobar ta lafa, tambayar kuwa tana nan. Takan dawo duk ranar da aka sallami mutum daga aiki, ko likita ya gaya masa abin da ba ya son ji, ko ya dawo daga binne ɗansa, aka dafa kafaɗarsa aka ce ya yi tawakkali. Me ake so ya yi, me ake so ya bari? Karin magana ma ba ta raba gardamar ba. Bakin da ya ce zafin nema ba ya kawo samu, shi ne kuma ya ce Allah ya ce tashi in taimake ka.

## Abin da kalmar ke nufi

Tawakkali da wakili tushensu ɗaya a Larabci. Mutum yakan naɗa wakili ne a kan abin da ya san shi kaɗai ba zai iya ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, da wannan ya fara bayaninsa a babin tauhidi da tawakkali na littafin Ihya'u Ulumiddin. Ya kawo misalin mutumin da aka yi ƙararsa bisa ƙarya, ya ɗauki wanda zai tsaya masa a gaban alƙali. Hankalinsa ba zai kwanta ba sai ya tabbatar da cewa wakilin ya san kan shari'ar, yana da ƙarfin hali, ya iya magana, kuma yana tausayinsa. In ya yi shakkar ɗaya daga ciki, ba barci. Gazali ya ce haka zuciya take da Ubangijinta: gwargwadon sanin da ta yi wa iliminsa da ikonsa da jinƙansa, gwargwadon natsuwarta.

Akwai wani ɓangare na misalin da aka fi mantawa da shi. Idan wakilin ya ce ka zo zaman shari'a ranar kaza, ka taho da takardunka, zuwan da kawo takardun ba su rage komai daga amincewar da aka yi masa ba. Ƙin zuwan ne ma zai nuna ba a ɗauki maganarsa da muhimmanci ba.

Shi ya sa aka ruwaito daga Imam Ahmad bin Hambal cewa tawakkali aikin zuciya ne. Ba a ganinsa a hannu ko a ƙafa. Mutum biyu na iya zama a layin ganin likita ɗaya, ɗaya zuciyarsa na rataye da likitan, ɗaya tana rataye da wanda ya halicci cutar da maganinta, kuma mai kallo ba zai bambanta su ba.

Ana yawan cakuɗa shi da wasu kalmomi uku. Ƙaddara ita ce abin da Allah ya sani ya kuma rubuta, kuma imani da ita rukuni ne. Haƙuri shi ne riƙe harshe da gaɓɓai daga abin da zai fusata Allah idan abu ya faru. Yarda kuwa, wato zuciya ta karɓi abin ba tare da tana fatan da bai faru ba, mataki ne a sama da haƙuri, kuma malamai da yawa sun ce haƙuri ne wajibi, yarda abin so ce ga wanda ya iya. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, ya ruwaito daga malaminsa Ibn Taimiyya cewa abin da aka ƙaddara yana tsakanin abu biyu: tawakkali kafinsa, yarda bayansa. Sai kuma tawakuli, wanda harafi kaɗan ya raba shi da tawakkali amma ma'ana ta yi hannun riga: miƙe ƙafa a yi zaman kashe wando, a kira shi dogaro.

## Inda gardamar ta samo asali

Tun Annabi (SAW) yana raye aka fara wannan ruɗani. Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa wasu mutanen Yaman kan tafi Hajji ba guzuri, suna cewa su masu tawakkali ne, in sun isa Makka sai su koma roƙon mutane. A kansu aka saukar da umarnin yin guzuri a aya ta 197 ta Suratul Baƙara. Tirmizi kuma ya kawo labarin mutumin da ya tambaya ko ya ɗaure raƙumarsa ya yi tawakkali ko ya sake ta ya yi tawakkali, aka ce masa ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Da sahabbai suka ji cewa an riga an rubuta makomar kowa, suka tambaya ko su bar aiki su dogara da rubutun, amsar ita ce su yi aiki, kowa ana sauƙaƙa masa abin da aka halicce shi dominsa.

Labarin da ya fi fito da matsalar fili ya faru ne a zamanin Halifa Umar, wajajen shekara ta 17 zuwa 18 bayan Hijira, lokacin annobar Amwas a ƙasar Sham. Umar ya fito daga Madina ya isa wani wuri da ake kira Sarg, shugabannin runduna suka tarye shi da labarin cewa annoba ta ɓarke a gaba. Ya kira Muhajirai na farko ya nemi shawara, suka saɓa. Ya kira mutanen Madina, su ma suka saɓa. Sai ya kira dattawan Ƙuraishawa, waɗannan bakinsu ya zo ɗaya: ya koma da jama'a. Da ya sanar cewa da safe za a juya, Abu Ubaida bin Jarrah ya ce masa, gudun ƙaddarar Allah za a yi? Umar ya ce ina ma wani ne ya faɗi haka ba kai ba, ya Abu Ubaida. Na'am, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Ya ƙara da misali: da kana da raƙuma ka gangara da su kwari mai gefe biyu, ɗaya kore shar, ɗaya ƙeƙasasshe, ashe duk inda ka kai su kiwo ba da ƙaddarar Allah ka kai su ba? Ana cikin haka Abdurrahman bin Auf, wanda ba ya nan lokacin shawarar, ya iso da hadisi: in kun ji annoba a wata ƙasa kada ku shiga, in ta ɓarke kuna ciki kada ku fita don gudunta.

Umar da Abu Ubaida duka suna cikin goman da aka yi wa albishir da Aljanna. Umar ya koma Madina, Abu Ubaida ya zauna da rundunarsa har annobar ta yi ajalinsa, kamar yadda ta yi na Mu'azu bin Jabal. Babu wanda ya tuhumi ɗayansu da raunin imani.

Daga baya gardamar ta shiga fagen aƙida. Jabariyya, waɗanda ake dangantawa da Jahm bin Safwan, suka ce ɗan Adam ba shi da zaɓi ko kaɗan. Ƙadariyya suka tafi ɗaya ƙarshen, suka ce mutum shi ke samar da aikinsa. Ahlus Sunna suka tsaya a kan cewa Allah ne mahaliccin komai, bawa kuma yana da zaɓi na gaske da za a tambaye shi a kansa. A ɓangaren masu gudun duniya kuwa, a ƙarni na 2 da na 3 bayan Hijira, an samu waɗanda suka ɗauki barin sana'a da shiga daji ba guzuri a matsayin cikar tawakkali. Abin ya yi yawan da malamai kamar Muhammad bin Hasan Shaibani, almajirin Abu Hanifa, da Haris Muhasibi suka yi rubutu musamman a kan neman halal. Da aka tambayi Imam Ahmad game da mutumin da ya zauna a gida ko masallaci ya ce ba zai yi komai ba sai arzikinsa ya zo masa, cewa ya yi wannan mutum ne da ya jahilci ilimi.

## Matsayin malamai a kan bin sabubba

Waɗanda suka karkata ga barin dabara suna da hujjoji, kuma ba na wasa ba ne. Suna kawo hadisin mutum 70,000 da za su shiga Aljanna ba hisabi, waɗanda aka siffanta da cewa ba sa neman a yi musu tofi, ba sa neman magani ta hanyar ƙuna da wuta, ba sa camfi, ga Ubangijinsu suke dogara. Suna kawo labarin matar da ke fama da farfaɗiya, wadda aka ba ta zaɓi tsakanin addu'ar waraka da haƙuri da sakamakon Aljanna, ta zaɓi haƙurin, ta roƙi kawai a yi mata addu'a kada tsiraicinta ya riƙa bayyana in ta faɗi. Manufarsu ita ce yawan ƙulle-ƙulle kan sa zuciya ta manta da wanda ke juya al'amura.

Mafi yawan malamai kuwa sun dubi rayuwar Annabi (SAW) ne gaba ɗaya. A Hijira ta 622 ya ɓuya kwana 3 a kogon Saur, wanda ke kudu da Makka alhali Madina na arewa. Ya ɗauki ɗan jagora wanda ya san hanya, Abdullahi bin Uraiƙit, ko da yake ba Musulmi ba ne a lokacin. Amir bin Fuhaira na kora tumaki ta wajen don ɓatar da sawu. A cikin kogon ne kuma, bayan duk wannan shiri, ya ce wa Abubakar kada ya yi baƙin ciki, Allah na tare da su. A Uhudu ya sa sulke biyu. Yakan ajiye wa iyalinsa abincin shekara. Ya ce bayin Allah su nemi magani. Ko hadisin tsuntsaye da ake yawan karantawa, cewa da kun dogara ga Allah yadda ya kamata da ya ciyar da ku kamar yadda yake ciyar da su, ya ce suna fita da safe da yunwa su dawo da yamma a ƙoshe. Ba a sheƙa abincin ke iske su ba.

Gazali, wanda shi kansa sufi ne, ya kasa sabubba gida uku, kuma rabon nasa na da amfani har yau. Akwai tabbatattu, kamar shan ruwa ga mai ƙishirwa, waɗanda barinsu ba tawakkali ba ne, haramun ne ma in ana tsoron halaka. Akwai waɗanda ake kyautata zaton suna aiki, kamar yawancin magunguna, waɗanda bin su bai saɓa wa tawakkali ba. Akwai kuma na zato kawai, kamar camfi, kuma barin waɗannan ne sharaɗin tawakkali. Abin lura shi ne magunguna da yawa da a zamaninsa suke aji na biyu, ilimin likitanci ya matsar da su kusa da aji na farko, don haka malaman wannan zamani da dama ke ganin shan magani wajibi ne idan barinsa zai kai ga mutuwa ko ya sa a harbi wasu.

Daga cikin sufayen farko ma an ruwaito Sahlu Tustari yana cewa wanda ya soki neman abinci ya soki sunna, wanda ya soki tawakkali ya soki imani. In aka duba da kyau, saɓanin da ya rage ƙarami ne: ko ya halatta ga wani mutum mai ƙarfin yaƙini ya bar wasu sabubba a karan kansa. Babu wani malami abin dogaro da ya halatta masa ya bar iyalinsa da yunwa ko ya hana ɗansa magani da wannan hujja.

## Ta ina natsuwar ke shigowa

Addu'ar da Bukhari ya ruwaito daga Anas ta haɗa abu biyu a farkonta: neman tsari daga hammu da hazan. Malamai sun ce na farko damuwa ce a kan abin da bai zo ba, na biyu baƙin ciki a kan abin da ya wuce. Mai cikin tsanani kusan kullum yana tsakanin su biyun, dare ya raba yana lissafin gobe, ko yana maimaita jiya.

Ta ɓangaren jiya, hadisin Muslim daga Abu Huraira ya tsara abin daki-daki. Ka yi kwaɗayin abin da zai amfane ka, ka nemi taimakon Allah, kada ka gaza. In wani abu ya same ka kada ka ce da na yi kaza da kaza ne zai faru, ka ce Allah ya ƙaddara kuma abin da ya so ya aikata, domin "da" tana buɗe aikin Shaiɗan. Jerin na da muhimmanci: ƙoƙari ya zo da farko, ambaton ƙaddara ya zo bayan an gama. Uwar da ta kai ɗanta asibiti ya rasu, ta kwana tana cewa da na kai shi tun jiya, wannan hadisi na rufe mata ƙofar da ba ta kaiwa ko'ina. Aya ta 22 da 23 ta Suratul Hadid ma sun faɗi dalilin sanar da mutane cewa an rubuta musiba tun kafin ta auku: don kada su yi ta baƙin ciki a kan abin da ya kuɓuce musu.

Ta ɓangaren gobe, tawakkali na rage girman kayan da mutum ya ɗauka. Mai neman aiki nauyinsa ya rubuta takarda, ya je inda aka kira shi, ya koyi abin da bai iya ba. Ko za a ɗauke shi, wannan ba ya cikin kayansa. Aya ta 159 ta Ali Imrana, wadda ta sauka bayan raunin Uhudu, ta jera shawara, sannan yanke ƙuduri, sannan tawakkali.

Masana halayyar ɗan Adam sun taɓo wannan ta tasu hanyar. A 1988 Kenneth Pargament da abokan aikinsa a Amurka suka bambanta hanyoyi uku da masu addini ke fuskantar matsala: wanda ke ganin shi kaɗai zai warware ta, wanda ke jiran Ubangiji ya warware ba tare da ya motsa ba, da wanda ke aiki yana jin Ubangiji na tare da shi. An danganta hanya ta uku da ƙarfin zuciya, ta biyu kuwa da raunin jin cewa mutum zai iya wani abu. Mabiya addinin Kirista aka yi binciken a kansu, kuma ba da ma'aunin aƙidar Musulunci aka tsara shi ba, amma layin da ya ja ya yi kusa da wanda malamai suka ja tsakanin tawakkali da tawakuli.

## Hawaye da ciwon damuwa

A nan ne kuskuren fahimta ya fi cutar da mutane. Da yawa na ɗauka cewa mai tawakkali ba ya kuka, don haka wanda baƙin ciki ya daɗe a zuciyarsa sai ya ƙara wa kansa wani nauyin, yana tuhumar imaninsa.

Nassoshi ba su ce haka ba. Annabi Yaƙub ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari, ya ce ga Allah kaɗai yake kai kukansa, kuma a ayar da ke biye ya tura 'ya'yansa su je cigiya, ya hana su yanke ƙauna. Nana Maryam, da naƙuda ta tsananta, ta yi fatan da ta mutu kafin wannan rana, kuma amsar da ta samu lallashi ce da umarnin ta girgiza kututturen dabino. Annabi (SAW) ya riƙe ɗansa Ibrahim yana numfashin ƙarshe, hawaye na zuba, Abdurrahman bin Auf ya ce har kai ma, ya Manzon Allah? Ya ce wannan jinƙai ne, ido na zubar da hawaye, zuciya na baƙin ciki, ba ma faɗin sai abin da zai yardar da Ubangijinmu. Abin da aka hana shi ne marin fuska, yaga tufafi da kururuwar jahiliyya.

Akwai kuma damuwar da ta zama cuta. Abu Zaid Balkhi, wani masani Musulmi da ya rasu a 934, ya bambanta baƙin cikin da ke da sanannen dalili, kamar rashi ko asara, da wanda ke sauko wa mutum ba gaira ba dalili, ya hana shi jin daɗin komai. Na biyun ya danganta shi da jiki, ya ce yana buƙatar magani. Wanda ya yi makonni ba barci, ba cin abinci, ko tunanin kashe kansa na zuwa masa, ganin likita a wurinsa na cikin ɗaure raƙuma, kuma ba ya hana shi addu'a.

## Wa ke faɗa wa wa

Kalma ɗaya ce, amma nauyinta na canzawa da bakin da ta fito. In wanda aka cinye wa haƙƙi ya ce ya bar wa Allah, zaɓinsa ne. In wanda ya cinye haƙƙin ne ya ce masa ya yi tawakkali, wannan wani abu ne daban. Malamai sun yi ittifaƙi cewa ana kafa hujja da ƙaddara a kan musiba, ba a kafa ta don wanke laifi. Mai aikin da aka hana albashinsa, da matar da ake duka, da majinyacin da aka yi wa sakaci, neman haƙƙinsu bai taɓa tawakkalinsu ba, kuma aya ta 148 ta Suratun Nisa'i ta ba wanda aka zalunta damar ya faɗi abin da aka yi masa a fili.

Haka abin yake ga masu mulki. A shekarar fari da ake kira Amur Ramada, 18 bayan Hijira, Umar ya fita roƙon ruwa, ya gabatar da Abbas ya yi addu'a. Ya kuma rubuta wa gwamnoninsa su aiko da agaji, ya tsaya da kansa a kan rabon abinci ga waɗanda yunwa ta koro zuwa Madina.

Ga mai zuwa jaje ma akwai abin lura. Gaya wa wanda ke tsakiyar zafi cewa imaninsa ne ya yi rauni, ko zunubinsa ne ya jawo, ba shi da madogara: hadisin Tirmizi ya ce annabawa ne suka fi kowa shan jarrabawa, sannan waɗanda ke biye musu a daraja.

## Idan sauƙin bai zo ba

Aya ta 3 ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta ce wanda ya dogara ga Allah, Allah ya isar masa. Wasu na karanta ta kamar alƙawarin cewa abin da suke so shi zai faru, in bai faru ba sai zuciya ta karaya. Ayar ta ci gaba da cewa Allah ya sanya wa kowane abu ma'auninsa, ba ta yanka wa kowa rana ba.

Khabbab bin Arat na cikin waɗanda aka fi azabtarwa a Makka. Shi ya ba da labarin yadda suka iske Annabi (SAW) ya yi matashi da mayafinsa a inuwar Ka'aba, suka ce ba za ka roƙa mana taimako ba? Ya gaya musu abin da muminan da suka gabata suka sha, ya rantse cewa al'amarin zai cika har matafiyi ya tashi daga San'a zuwa Hadramaut ba ya tsoron kowa sai Allah, sai kuma kerkeci a kan tumakinsa, amma ku kuna gaggawa. Khabbab ya ga cikar wannan magana da idonsa, ya rayu har zuwa shekara ta 37 bayan Hijira. Sumayya da mijinta Yasir ba su gani ba, a cikin azabar suka rasu.

Shi Khabbab ɗin ne kuma, bayan wadata ta zo, ya riƙa tuna Mus'ab bin Umair. Ya ce sun yi hijira tare don neman yardar Allah, wasu daga cikinsu suka tafi ba su ɗanɗani komai daga ladansu a duniya ba, wasu kuma 'ya'yan itacensu suka nuna suna tsinka. An kashe Mus'ab a Uhudu, ba a samu abin yi masa likkafani ba sai mayafi guda, in an rufe kansa ƙafafu su fito, in an rufe ƙafafu kai ya fito. Annabi (SAW) ya ce a rufe kan, a sa ciyawar izkhir a kan ƙafafun.